Rabin Yini



Akwai wani littafin rubutu mai shuɗin bango a ƙasan akwatina, irin mai shafi tamanin ɗin nan na 'yan sakandare. Duk abin da na taɓa rubutawa, har da gajerun labaran da wasunku suka karanta suka yi mini gyara, babu wanda yake yi mini nauyi a zuciya kamar wasu kalmomi biyu da ke cikin wannan littafi. Da jan biro na rubuta su, a gaban laƙabin wani saurayi: rabin yini.

Bayan na gama NCE na yi zaman jiran aiki har na fara jin kunyar fitowa ƙofar gida da safe. Kawuna magini ne. Da tubali ya fara tun yana yaro, ya koma bulo, har ya kai inda ake ba shi gini sukutum, daga tushe zuwa rufi. Bai yi boko ba, amma in ya zagaya fili sau ɗaya zai faɗa maka yawan bulon da zai ci, kuma da wuya ya kuskure da yawa. Abin da ke ba shi wahala shi ne masu gini da suka fara neman a kawo musu lissafi a rubuce. Sai ya ce da mahaifiyata in zo in riƙe masa littafi. Leburori suka sa mini suna Akawu. In aka ƙwala kira daga nesa, sai ni da shi mu waiwaya tare, don ba a rarrabe Kawu da Akawu in injin kwaɓa na ruri.

Wanda ya san Funtua ya san gini yana da lokacinsa. Da an kammala kaka, masara da dawa da waken soya sun shiga kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua, kuɗi ya zauna a hannun manoma da 'yan kasuwar hatsi, sai ka ga tifofin yashi sun fara kai da komo. Garin dama na ajiya ne da lodi tun lokacin da layin dogo ya iso daga Zariya aka kafa injin gurzar auduga. Yau ma sito da shaguna su ne kan gaba a abin da ake ginawa. Masu ɗaukar kwaɓar kuwa, yawancinsu ba leburori ba ne na asali. Manoma ne da suka fito cin rani daga ƙauyukan Kafur da Danja da Malumfashi, su tara na taki kafin ruwa ya sauka. A 'yan shekarun nan an samu ƙari, mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Ku riƙe wannan, don yana da muhimmanci ga abin da zan faɗa: hannuwa sun fi aikin yawa. Inda mutum goma ke jiran kwano ɗaya, babu mai cewa wannan katakon bai yi mini ba.

Aikina shi ne ƙirga. Buhun siminti nawa ya shigo, nawa aka fasa. Bulo nawa aka sauke, nawa ya karye a hanya. Rodi, ƙusa, waya, tankar ruwa, tifar tsakuwa. Har buhunan da aka zazzage nake tarawa in ƙirga da yamma, don kada wani ya fita da cikakke ta bayan katanga. Na iya aikin, har ina alfahari. Akwai ranar da na gano buhu biyu sun yi ƙafa, Kawu ya yi ta ba da labarina a majalisa.

Ginin da abin ya faru na wani ɗan kasuwar hatsi ne, sito da shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama. Ranar zubin dekin ce, cikin watan Maris. Ga wanda bai taɓa gani ba, ranar dekin ba kamar sauran ranaku take ba. So ake a zuba kankaren gaba ɗaya ba tare da wani sashe ya daskare kafin a haɗa shi da na kusa da shi ba, saboda haka aikin ba ya jira, kuma ba ya kwana in da hali. Tun asuba ake zuwa bakin titi a kwaso ƙarin mutane. A kafa gadar katako daga ƙasa zuwa sama, a jera mutane, kowa da gammo da kwano a ka, masu hawa ta gefe guda masu sauka ta ɗaya gefen. Akwai waƙe-waƙe, akwai tsokana, akwai mai kunu a gindin bishiya. In ka tsaya daga nesa abin sha'awa ne.

Gadar tamu da ragowar katakan da aka yi amfani da su wajen zubin ginshiƙai aka haɗa ta. Sun sha ruwa, sun sha rana, sun sha ƙusa. Da hantsi wani dattijo cikin leburorin ya taka na tsakiya ya ce, “Akawu, wannan katakon kuka yake yi.” Na yi dariya, na ce ai shi ma yunwa yake ji. Kafin azahar mutum biyu sun zame a daidai wurin, ɗaya har kwanonsa ya kife, aka yi masa ihu ana cewa bai karya kumallo ba. Na ga duk wannan da idona. Na kuma rubuta kwanon da ya kife a zuciyata a matsayin asarar siminti.

Bayan an dawo daga sallar azahar, katakon ya karye. Saurayin da ke kai ya faɗo da kwanonsa daga tsayin da bai wuce mita uku ba, ya sauka da kwatangwalo a kan tarin fasassun bulo. Mita uku ba wani tsayi ba ne a ido. Yaro ma yana dirowa daga katangar da ta kusa haka. Amma da kaya a ka, ba shiri, a kan bulo, ya isa.

Muka ruga muka ɗauke shi, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, muka jefa shi a bayan a-kori-kura. Daga baya ne wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa wanda ya faɗo daga sama ba a ɗaukarsa haka, a kan faffaɗan katako ake kwantar da shi a miƙe, don in ƙashin baya ne ya taɓu, ɗaukar ce za ta ƙarasa shi. Katako kuwa ga shi nan zube a wurin. Ba mu sani ba ne kawai. A asibiti aka tambayi sunansa da shekarunsa, muka tsaya muna kallon juna. A littafina sunan ƙauyensu na rubuta, don da shi ake kiransa.

Aiki bai tsaya ba. Aka maye katakon da wani, aka ci gaba, aka gama ana kiran magariba. Da na zauna biyan kuɗi na zo kan layinsa, sai na bi ƙa'idar da muka saba: wanda ya bar aiki kafin la'asar, rabi ne nasa. Babu wanda ya sa ni. Kawu yana asibiti. Ni da kaina na zaro jan biro na rubuta. Da ya dawo ya duba, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, “Kai yaron nan, bokon ne ya mai da kai haka? Ba shi cikakke.” Aka ba shi cikakke, Kawu ya kuma biya kuɗin hoto da na magungunan farko daga aljihunsa. Rubutun dai ban goge ba.

Ƙashin cinya ne ya karye, can sama kusa da kwatangwalo. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Da danginsa suka ji kuɗin, sai suka ɗauke shi suka kai wa mai ɗori. Ƙafar ta haɗe, amma ta fi 'yar uwarta gajarta. Na je duba shi farkon damina, a wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Ko'ina mutane na huɗa, shi yana kwance a zaure. Mahaifinsa ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, ya yi ta godiya. Na fara kame-kamen ban haƙuri, ya tare ni: “Ɗana, bar wannan magana. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.” A wajen sallama ne ƙanen saurayin ya gaya mini an jinginar da gonar fadamarsu.

A kan hanyar dawowa na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Littafina ya ce rabin yini. Gaskiyar ita ce damina guda, da gona guda, da ƙafa guda.

Ban ja da maganar dattijon ba, kuma har yau ba na ja da ƙaddara. Amma na san abin da shi bai sani ba. Na san katakon ya yi gargaɗi sau uku kafin ya karye, kuma duk ukun a gabana aka yi. Da buhun siminti ne ya ɓace sau uku a wuri ɗaya, da tuni na sa gadi.

Wannan ne ya sa na fara karance-karance a kan yadda ake auna hatsari a wurin aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta taɓa ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini a duniya, kusan mutum ɗaya duk minti goma. Ita ce kuma ta ware 28 ga Afrilu a matsayin ranar lafiya da kariya a wurin aiki, tun 2003. A Ingila akwai hukumar da ke fitar da adadin ma'aikatan da suka mutu a bakin aiki kowace shekara, tare da abin da ya kashe su, kuma faɗowa daga sama ce ke yawan zuwa a kan gaba. A Amurka sun ware abubuwa huɗu da suka fi kashe magina: faɗowa, wani abu ya bugi mutum ko ya faɗo masa, lantarki, da matsewa tsakanin abubuwa ko ruftawar rami. Da na karanta wannan jerin, sai na ga kamar a Funtua aka rubuta shi. Kafinta a kan rufi ba igiya. Bulo na sulluɓowa daga sama. Rodi mai tsawon mita 12 ana ɗaga shi a ƙarƙashin wayar wuta. Mai haƙan masai a cikin rami ba abin da ya tokare bangon.

Mu ma muna da doka, kuma na yi mamakin abin da ke cikinta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na albashin da yake bayarwa a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, don a biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya mutu. Ta ce ma'aikaci ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ma'anar da ta ba wa ma'aikaci: har wanda aka ɗauka da baki ba takarda, har na wucin gadi, har ɗan koyo. Wato saurayin nan yana ciki. A takarda. Na karanta wa Kawu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To, su waɗannan mutanen, a ina suke zama?” Shekara fiye da talatin yana gini, wanda yake zuwa daga hukuma takardar izinin gini yake tambaya. Ba a taɓa tambayarsa mutum nawa suka ji ciwo ba.

Ƙasar nan tana ƙirga magina ne in sun mutu da yawa lokaci guda. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40, mafi yawansu ma'aikata, aka kafa kwamiti, jaridu suka yi makonni a kai. Haka da wani bene da ake ginawa ya rufta a titin Beirut na Kano a watan Agusta 2022, kowa ya ji. Amma mutum ɗaya da ya faɗo daga mita uku a bayan wani sito, aka kai shi wajen mai ɗori, ba ya cikin lissafin kowa. Bai shiga na ma'aikatar ƙwadago ba, bai shiga na NSITF ba, bai zauna a na asibiti ba. Littafin da kawai ya san da shi shi ne nawa, kuma kun ji abin da ya ce.

Manyan kamfanoni suna da ma'auninsu. Suna ƙirga raunukan da suka hana mutum zuwa aiki, su auna su a kan kowace awa miliyan ɗaya da aka yi ana aiki. Na gwada shi a kan namu. A ce mutum 20 ne, awa 8 a yini, kwana 25 a wata. Awa 4,000 ke nan. Kafin mu tara awa miliyan sai mun yi wata 250, sama da shekara 20. In mutum ɗaya ya karye cikin wata uku, ma'aunin zai ba mu 83. In babu wanda ya karye, zai ba mu sifili, ko da kuwa kullum a bakin mutuwa muke yini. Daga 83 zuwa sifili, bambancin katako ɗaya ne. Irin wannan ma'auni na mai gina gadar sama ne da dubban ma'aikata. Ga mai gina shago huɗu, ba ya gaya masa komai sai bayan an riga an yi asarar.

Wanda ya fi yi mini amfani tsohon tunani ne na wani Ba'amurke mai aikin inshora, Herbert Heinrich. A 1931 ya ce a bayan kowane mummunan rauni guda akwai ƙananan raunuka 29, da kuma hatsari 300 da suka faru ba wanda ya ji ciwo. Masana sun daɗe suna sukar waɗannan lambobi, kuma ni ma ba zan rantse a kansu ba. Amma gindin maganar na riga na gan shi da idona: mutum biyu sun zame, dattijo ya ce katako na kuka, sannan na huɗu ya faɗo.

Da rani ya zagayo, sai na juya littafin ta baya na buɗe sabon shafi. Na ja layi huɗu: rana, lokaci, abin da ya faru, inda ya faru. Na sanar cewa duk wanda ya ji ciwo, komai ƙanƙantarsa, ya zo ya faɗa mini. Mako biyu shafin yana fari fat. Har na fara murna. Sai wata rana na ga wani yana ɗingishi, na matsa masa, ya nuna mini tafin ƙafarsa. Ƙusa ce ta shige shi kwana uku da suka wuce, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, “Akawu, in ka rubuta ni, gobe maigida zai ce in huta. In na huta wa zai ba ni na cefane?”

Nan na gane farin shafi ba lafiya yake nufi ba. Tsoro yake nufi. Mutumin da abincinsa ke rataye da a zaɓe shi gobe da safe ba zai kai ƙarar jikinsa ba. Daga ranar na daina rubuta suna. Na kuma sauya tambayar. Lokacin biyan kuɗi, bayan kowa ya karɓi nasa ya sa a aljihu, sai in ce, “Yau me ya kusa faruwa?” Da farko dariya suke yi. Dattijon nan ne ya fara buɗe baki, sauran suka biyo. Ashe kowa na da labari. Tsanin da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo. Ramin masai da aka bari a buɗe a hanyar masu baro. Wayar injin walda da ta sale, tana kwance a cikin ruwa.

Abin da shafin ya nuna mini bayan 'yan watanni ba wani abin mamaki ba ne, sai dai ban taɓa ganinsa a jere ba. Ƙusa a ƙafa ce ta fi komai yawa, kuma kusan duk daga katakan da aka ɓalle aka watsar ne da ƙusoshinsu a tsaye. Sai cin siminti. Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali, ba a jin zafinsa sai ya riga ya ci, kuma masu tsayawa a cikin kwaɓa da silifas ko da buhu ɗaure a ƙafa su ne ke kwana da gyambo. Abubuwan da suka kusa zama babba kuwa sun fi taruwa a ranakun dekin, bayan azahar, kuma a kan baƙin da aka kwaso da safe, waɗanda ba su san inda rami yake ba.

Na kai wa Kawu. Wasu abubuwan ya karɓa nan take, don ba su da tsada. Aka sa yaro ɗaya aikin cire ƙusa ko lanƙwasa ta da zarar an ɓalle katako. Aka sayi takalman roba na masu tsayawa cikin kwaɓa. Duk wanda ƙusa ta soka, a kai shi a yi masa allurar rigakafin sandarewar wuya, kuma ranar tasa cikakkiya ce. Ranar dekin, kafin a fasa buhun farko, Kawu da kansa yake hawa gadar ya yi tsalle a kan kowane katako, a kafa mata sandunan dafawa, a zagaya da baƙi a nuna musu ramuka. A kan kawo ruwan sha a randa, a ɗan tsawaita hutun azahar.

Hular kwano ce muka yi rigima a kanta, kuma shi ne da gaskiya. Na ga hotuna a intanet, kowane ma'aikaci da hularsa, na nace a saya. Ya ce, “To malam, a ina zai ɗora kwanon?” Na yi shiru. Mai ɗaukar kwaɓa a ka gammo yake buƙata, hula ba ta zama a ƙarƙashin kwano. Wanda ke buƙatarta shi ne mai aiki a ƙasa yayin da ake gini a samansa. Mai hawa kuwa, abin da zai tsare shi gada ce mai ƙwari, ko kuma a rage hawan gaba ɗaya, a ja kwaɓar da guga da igiya kamar yadda ake jan ruwa a rijiya. Da na bi hotunan da na kashe kuɗin katako a kan huluna, mu yi kyau a ido, gadar tana nan yadda take.

A cikin wannan gardamar ne ya ba ni wani bayani da ban taɓa karantawa a ko'ina ba. Ya ce lokacin da ya koyi gini, magini a kan bangon yake zama kamar ya hau doki, ana jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa. Bangon ƙasa yana da kauri, shi ne kujerarka shi ne matakalarka. Kuma ba a barin yaro ya hau sai ya yi shekaru yana kwaɓa da jifa, ga Sarkin Magina da ke iya tsayar da aiki in ya ga ganganci. Da wannan tsari Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Yanzu bangon bulo inci shida ne ko tara, ba ya zaunuwa. Gini ya ƙara tsayi, ya rage kauri, kuma mai hawansa jiya gona yake. An ɗauko sabon kaya, an bar tsohuwar tarbiyya, ba a kawo wata a madadinta ba.

Inda muka kasa shi ne wajen kuɗi. Yawancin aikin Kawu jimla ake yi, a yi ciniki a kan ginin gaba ɗaya. Kowane sabon katako daga ribarsa yake fita. Na ba shi shawara mu riƙa sa layi na daban a takardar ƙiyasi, katakon hawa da kayan kariya, mai gini ya gani ya biya. Wasu sun biya ba musu. Wasu kuma shi ne layin farko da suke sokewa, har wani ya ce shi gida ya ce a gina masa, ba gada ba. Da farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, sai soke layin ya zama ruwan dare. Mutum zai yi rigima a kan ingancin tayil ɗin banɗaki, ba zai tambayi a kan me leburan ke tsayawa ba. Ba mugunta ba ce. Tayil zai gani kullum, gadar kuwa ana gama aiki ake ɓalle ta.

Mu ma marubuta haka muke, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ku tuna yawan benayen da muka gina a labaranmu. Alhaji ya ƙera tamfatsetsen gida, mu kwashe shafi biyu muna siffanta falo da labule da matakala mai lanƙwasa. Ni kaina na yi. Ban taɓa sa mutum ɗaya ya ɗauki kwano ya hau da kwaɓar matakalar ba, alhali na yi shekaru ina biyansu kuɗin yini da hannuna. Gidajenmu na labari daga sama suke saukowa a game, da fenti.

Yanzu ina koyarwa, littafin Kawu ya koma hannun ɗansa. Na duba kwanakin baya, shafin baya yana nan, ko da yake akwai makonnin da ba a rubuta komai ba, kuma na riga na san abin da farin shafi ke iya nufi.

Saurayin kuwa na haɗu da shi bara a wata tasha, ranar kasuwa. Rake yake sayarwa a baro, yana tura shi yana jan ƙafa. Shi ya fara gane ni, ya ɗaga murya, “Akawu!” Ya fere mini sanda guda ya ƙi karɓar kuɗi. Muka gaisa, na tambayi mahaifinsa, ya ce ya rasu. Na tambayi gonar, ya ce saura kaɗan su fanso ta. Har na juya zan shiga mota ya sake kirana.

“Akawu, wai ginin nan an gama shi kuwa?”

Na ce an gama tun tuni, har an yi fenti, akwai mai sayar da taki a shagon farko.

Ya ce, “Masha Allah. Ban taɓa komawa na gani ba.”